Yashi a Filin 'Yan Kango

Duk wanda ya taɓa shan kokon Adizatu a bakin titin Gurugu ya san abu biyu: kokon ya ji citta, mai kokon kuma ba ta yarda da kowa ba. In ka yaba mata koko sai ta dube ka ta wutsiyar ido, ta jira abin da zai biyo bayan yabon. In kuwa ka ja gaisuwa, ka tambayi maigida da yara da gajiyar jiya, to ka gama ɓata lamarinka, domin a wurinta ba a doguwar gaisuwa sai da dalili. Mijinta Imoru, tsohon mai facin keke, mutum ne mai sanyin hali wanda ko akuya ta yi masa alkawari zai zauna jiranta. Yakan ce ranar da Adiza za ta shiga Aljanna sai ta tsaya ta tambayi mai tsaron ƙofa wa ya aiko shi. Ita kuma takan ce tambaya ba ta taɓa kashe kowa ba.

Ba da wannan hali aka haife ta ba. A unguwar Zogbeli ta tashi, a wani gidan haya mai ɗakuna jere da tsakar gida ɗaya, inda uwarta ke tuyar ƙosai a ƙofa. Mai gidan dattijo ne na kirki, da ya rasu 'ya'yansa suka zo da fara'a, suka zauna a tabarmar uwarta, suka ci ƙosanta, suka ce ai an zama ɗaya. Kafin a yi sadakar arba'in sun sayar da gidan. Adiza tana 'yar budurwa ta ga uwarta zaune a kan ƙullin kaya a bakin hanya, kaskon tuya a cinya. Daga nan ta fara sauraron abin da mutum bai faɗa ba.

Da ta auri Imoru sun yi haya, har zuwa lokacin da masu gidaje suka koma cewa sai an ba su kuɗin shekara biyu a dunƙule kafin su miƙa makulli. Mai facin keke da mai koko, ina za su ga wannan? Sai suka shiga sahun masu zaman kango. Mai hali zai ɗora bulo har linta, ya rufa ɗaki ɗaya, kuɗi su yanke, ya koma Kumasi ko Akra ko ƙasar waje neman ƙari. Don kada a sace masa rodi, ko wani ya sake sayar da filin a bayan idonsa, sai ya nemi talaka ya zauna masa a ciki. Kiyateka ake ce maka, sunan dai da daɗi. Ba ka biyan haya, amma ba ƙofa, ba famfo, taga kuma buhun siminti ne. Kai ne mai share ciyawa, kai ne mai kashe kunama. Ranar da ginin ya zama gida, ranar za a ce maka an gode.

A kango ta haifi 'ya'yanta, a wani kangon ta yaye su, a wani kuma ta aurar da babbar. Ta ƙware har ta kai in ta ji mai gini ya kira a waya yana tambayar lafiyar ƙafar Imoru, sai ta fara tattara kwali. Ba ta cika kuskure ba, abin da ya ƙara mata taurin kai ke nan.

Wata safiya da damina ta tarar da Bashiratu mai kitso a gefen rumfarta, da katifa jiƙe da yara biyu. Bashiratu yarinya ce mai dariya da wayar hannu, ita ma a kango take zaune, mai ginin ya zo da masu saka tayil ya ce ta ba shi wuri. Adiza ba ta ce mata sannu ba. Ta zuba wa yaran koko, ta ce, "Ya kira ki a satin da ya wuce?"

"Ya kira, Mma. Har ya ce a gaida yara."

"To ke da me kike jira?"

Ran nan ta kai su kangon da take zaune. Lahadi na zagayowa mata huɗu suka zauna a ƙarƙashin dogon yaron da ke bayan rumfar koko, kowace na ba da labarin korarta. Wata Lahadin suka ninka. Masu wanki, masu tallar ruwa, masu yankan kubewa a kasuwa, duk wadda ke kwana a ginin da ba a gama ba ta ji labari. Samarin unguwa suka sa musu suna 'Yan Kango don tsokana, Adiza ta ce sunan ya yi, a bar shi, aƙalla ba ƙarya a cikinsa.

Sun taka ƙasa, kada a ci haƙƙinsu. Sun je wurin wakilin unguwa, ya ba su kujera da ruwan sanyi. Sun kira gidan rediyo da safe, Bashiratu ta yi magana har mai shirin ya ce lokaci ya ƙure. Sun je wani ofis inda aka ɗauki hotonsu tsaye a bayan wani mai kwat, Adiza ta kau da fuska, ta ce ba ta san inda hoton zai kwana ba. Da suka gaji da shan ruwan sanyi, ta ce musu, "Ba wanda zai ba mu ɗaki. Mu nemi ƙasa, ko ɗaki ɗai-ɗai ne mu jera, mu yi tsakar gida ɗaya irin na da." Suka fara susu, wato adashi, kowace Lahadi mace ta kawo abin da ta iya.

Bayan Kanvili akwai wani ƙauye da gari ya fara haɗiyewa, inda har yanzu shanu ke ratsa tsakanin sababbin fulotai. Can suka nufa da goro. Mace ba ta faɗa wa fada haka kawai, sai da ɗan jagora, aka haɗa su da wani bafade mai suna Mashudu. Mutum ne gajere mai tsabta, rigarsa ta saƙi da ake kira fugu kullum a goge, turarensa na riga shi isowa, haƙoransa kuma ba sa shiga baki. Kallo ɗaya Adiza ta yi masa ta yanke hukunci. A hanyar komawa ta ce wa Bashiratu, "Ba a mugun sarki sai mugun bafade. Wannan murmushin da kuɗi ake sayensa."

Amma shi ya shigar da su, shi ya yi musu magana, shi ya yi ta kai da kawo har sarki ya karɓi goro. Aka nuna musu fili a kan tudu, ba nisa da hanya, aka kafa turaku a kusurwa huɗu. Sarki ya faɗi sharaɗinsa ta bakin mai magana da yawunsa: ƙasa ba ta son zaman banza, kafin damina biyu su wuce a ga alamar aiki, in ba haka ba fada za ta ɗauki abinta. Mata suka durƙusa suna "naa, naa". Adiza ma ta durƙusa, amma idonta na kan Mashudu, tana lissafin abin da zai ci a ciki.

Alamar aiki a garin nan kowa ya san ta. Ba sai ka yi gini ba. Tifa ɗaya ta yashi ka zuba a tsakiyar fili, duk mai wucewa ya san wurin da mai shi, kuma mai shi na numfashi. Shi ya sa in ka wayi gari ka ga tulin yashin da ba kai ka saya ba a filinka, ba ka bukatar a yi maka bayani. An sayar da ƙasarka ga wani, kuma wanin ya iso.

'Yan Kango ba su zuba ba. Goro da mai awo sun cinye abin da suka tara, sauran kuma korar da aka yi wa wasu mata a tsakani ta lashe, don ba a barin 'yar uwa a titi ana ajiyar kuɗin yashi. Suna zuwa dai su cire ciyawa, su tsaya su yi ta nuna wa juna inda rijiya za ta zauna. Damina ta farko ta wuce, ta biyu ta kama hanyar ƙarewa. Adiza ta ce bayan girbi za su zuba, ai fada ba ta riƙe da agogo.

Wata Talata, Abibatu mai tallar nono ta sauke ƙwaryarta a rumfar koko. Rugarsu na bayan filin, ta nan take bi kullum ta shigo gari. Ta sha ruwa ta ce, "Mma Adiza, barka. Kun fara aiki ba ku faɗa mana ba."

"Wane aiki?"

"Yashi mana. Tifa babba, jiya da hantsi. Yashi mai kyau paa, na bakin kogi."

Ludayi ya tsaya a hannun Adiza. Ta ce, "Wa ya kawo?"

"Direba ban san shi ba. Amma mutuminku na wurin a kan babur, mai turaren nan. Shi ya nuna inda za a juye."

Adiza ba ta ji mamaki ba, kuma wannan ne abin tausayi. Wani irin daɗi mai ɗaci ta ji, na wanda ya daɗe yana cewa za a yi, aka yi. Ta bar wa maƙwabciya tukunya, ta hau yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, har inda hanya ta ƙare, ta ƙarasa da ƙafa. Ga shi nan kuwa, tuli guda a tsakiyar filinsu, fari tas, sawun tayar tifa ya bi ta kan turke ɗaya ya kwantar da shi. Ta zagaya shi tana huci. Ta ɗebi kaɗan ta murza a tafin hannu, ta ce lalle mai shi ba ƙaramin mutum ba ne.

A gida Imoru ya ce, "Ki tambaye shi mana. Baki ne da shi."

"In tambayi kura ina akuyata?"

"Adiza, zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya."

"Zunubin nawa ne, ka bar ni da shi. Kai da aka kore mu daga Kanvili har godiya ka yi wa mutumin."

Imoru ya ja carbinsa. Bashiratu ce ta matsa, ta ce a kira shi kowa ya ji. Suka taru a ƙarƙashin bishiya, ta buɗe muryar waya. Can ana ta kiɗan ganga da harbin bindigar gargajiya, ashe Mashudu na wajen makoki a garin kakanninsa. Hausarsa irin ta kasuwa ce, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinsa.

"Mma Adiza, ka ga yashi? Yoo. Kar ka taɓa shi. Kar kowa ya taɓa shi kraa. In na dawo mu yi magana."

Adiza ta matso da bakinta. "Na wane ne?"

"Ba maganar waya ba ne. Akwai mutane a nan. Ka bar shi yadda yake, na roƙe ka."

Ya kashe. Mata suka kalli juna. Adiza ta gyara ɗaurin zane ta ce, "Kun ji da kunnenku. Kar a taɓa. Ba maganar waya ba. Yana so yashin ya kwana ya tashi a wurin har kowa ya shaida, sannan ya kawo mai shi, a ce ai tun tuni yake aiki mu muna barci. Ruwa ba ya tsami banza." Bashiratu ta ce ko a jira ya dawo, kwana nawa ne. Adiza ta dube ta ta ce, "Ke ma kin jira, ranar da na tsince ki da katifa."

Wata ta ce tunda Allah ya kawo, a buga bulo da shi. Adiza ta ce sam, in ka yi gini da yashin mutum ka ba shi bakin cewa ginin nasa ne. Yashin zai bar filin, ko ƙwaya ɗaya ba za ta saura ba.

Ranar Alhamis bayan sallar asuba suka hallara, kowace da daro da gammo. Har tsofaffin da ke dogara sanda sun zo. A bayan filin akwai kwazazzabon da ruwa ya ci, inda shanun su Abibatu ke wahalar tsallakawa, can suka yi ta juyewa. Masu shebur biyu na cikawa, layi na tafiya, layi na dawowa. Wata ta ɗauko waƙar daɓe, saura suka amsa, rana ta fito ta same su suna dariya da gumi. Adiza na gaba, daronta ya fi na kowa cika. Tun da take ba ta taɓa jin ƙarfi irin na ran nan ba. Shekara da shekaru ana fitar da kayanta waje, yau ita ce ke fitar da na wani.

Da tulin ya ƙare ba ta gamsu ba. Ta sa aka kawo tsintsiya. Suka share wurin har jar ƙasa ta bayyana, suka bi sawun tifa suka goge, suka tayar da turken da ya kwanta. Kafin azahar filin ya koma kamar ba a taɓa taka shi ba. Makiyaya suka zo suka yi godiya a kan kwazazzabo, har suka aiko da nono.

Asabar ta bar koko ta je ta zauna a gindin wata kaɗanya da ke gefen filin, tana so ta ga fuskar mai yashi idan ya zo. Da hantsi ta ji babur. Mashudu ne, ko gida da alama bai biya ba, ƙurar hanya a fugunsa. Ya tsaya, ya duba gabas, ya duba yamma, kamar wanda ya ɓata hanya. A karo na farko Adiza ta ga bakinsa a rufe.

"Mma. Ina yashi?"

"Wane yashi?" in ji ta, tana jin daɗin kanta.

Bai samu ya amsa ba, motoci biyu suka kunno kai. Dattawan fada uku suka fito daga ta farko. Daga ta biyu wani mutum mai ƙiba da farar shadda ya sauko, Alhaji Mutawakil mai sayar da kayan gini a cikin gari. Adiza ta durƙusa ta gaida dattawa. Babbansu ya taka zuwa tsakiyar fili, ya caka sandarsa a ƙasa, ya juya.

Ya ce, "Wannan bawan Allah ya zo fada ya ce ƙasar nan na zaune banza. Mashudu ya tashi a gaban sarki ya ce ƙarya ne, matan sun zuba yashi, sun fara aiki. Sarki ya ce mu zo mu gani da ido. To, 'yata, kun zuba yashi?"

Mashudu na bayan dattijon yana yi mata alama da ido, yana gyaɗa kai. Ita kuwa a ganinta ɓarawo ne ke neman ta rufa masa asiri. Ta ɗaga murya yadda kowa zai ji, ta kira dattijon Mba, wato baba.

"Mba, ba mu zuba ba. Wani mara tsoron Allah ne ya zuba mana a fili, muka kwashe muka watsar. Ba mu san shi ba, ba ma son sa."

Dattijon ya daɗe yana kallonta. Ya kalli Mashudu, wanda ya sunkuyar da kai. Ya sake duba ƙasar da aka share ƙal, ya ce, "Damina biyu." Ya koma mota. Alhaji Mutawakil ya tsaya ya ƙare wa tudun kallo, ya bi bayansu.

Sai da ƙurar motocin ta lafa Mashudu ya zauna a ƙasa, a kan fugun da ba ya bari ko ƙuda ya sauka.

"Ni na kawo yashi, Mma. Abokina direba na roƙa. Na ji Alhaji yana zuwa fada, na san za a aiko dubawa. Na ce in sun ga tuli ɗaya, magana ya mutu."

Ta ce, "Me ya hana ka faɗa?"

"In fada ya ji ni na zuba ma ku yashi, na gama. Ku kuma kuna da yawa, abin da ɗaya ya ji kasuwa ya ji. Na ce kar ka taɓa. Sau nawa na ce?"

Ta waiwaya wajen kwazazzabo, inda wata saniya ke tsallakawa a hankali a kan yashin, ko tuntuɓe babu. Kuka ya zo mata, ta haɗiye shi, don ba za ta yi a gaban mutumin nan ba.

Sun koma fada, sun durƙusa, sun kai wani goron. An ce a yi haƙuri, magana ta riga ta fita daga bakin sarki, kuma shugabarsu da bakinta ta ce ba su fara komai ba. An yi musu alkawarin wani wuri can gaba, in an samu. Kafin sanyi ya shigo an zagaye tudun da katanga.

Wani zai ce daga nan Adiza ta saduda. Ina! Sati bai cika ba ta fara juya maganar. Mashudu ya san halinta sarai. Ya san in aka ce mata kar ta taɓa, to an aike ta ne. Wa ya sani ko da gangan ya tsaya a kan babur inda mai nono za ta gan shi? Wa ya sani ko makokin ma dabara ce? In da gaske taimako ya yi niyya, ai ita ta kashe 'yan uwanta da hannunta. In kuma tarko ne, ta faɗa ciki da tsintsiyarta. Ta rasa wanne ya fi sauƙin ɗauka, sai ta riƙa ɗaukar wannan yau, gobe wancan. Imoru ya ce mutumin kirki ne. Ta ce, "A wurinka wa ba na kirki ba?" Amma muryar ba ta da ƙarfin da.

Mata ba su zarge ta a fili ba. Sun ce ƙaddara, sun ce kowa ya ɗauki daro. Taron Lahadi ya ragu, bai mutu ba. Suna ta susu a hankali, suna jiran wurin da aka ce in an samu.

Da bazara mai kangon da take zaune ya dawo da kwantena cike da ƙofofi. Ya ba su zuwa ƙarshen wata. Ta zaga Gurugu, ta zaga Kanvili, duk kangon da ta leƙa da mutane a ciki. Ƙafar Imoru ta kumbura, ko masallaci sai an riƙe shi. Hadari ya fara haɗuwa da yamma. Ana haka sai ga turare ya iso rumfar koko, mai shi na biye.

Mashudu bai ja gaisuwa ba, ya koyi darasi. Ya ce Alhaji Mutawakil ya kai gininsa na kan tudun nan linta, ya rufa ɗaki biyu, zai dakata sai baɗi ko bayan baɗi. Yana neman kiyateka.

"Ya ce ke yake so," in ji Mashudu, yau har ya tuna ita mace ce. "Ya ce matar da ya kwashe tifa guda da daro don kare fili, ba wanda zai saci rodi a gabansa."

Adiza ta ce, "Shi ya ce, ko kai ka ce masa?"

"Mma, ɗaki biyu ne. Akwai kwano a sama. Mba Imoru ba zai iya damina a waje ba."

Ta so ta watsa masa koko. Ta so ta tambaye shi, tsakaninsa da Allah, wane ne shi. Ta dubi fuskarsa ta kasa karanta komai, ita da ke karanta mutum ta waya. Ta ce zai ji daga gare ta. Kwana biyu tana faɗa da kanta, a na uku aka yi ruwan farko, ta ga Imoru na jan tabarma daga inda ke yoyo yana ba ta haƙuri kamar shi ya kawo ruwan. Ta aika wa Mashudu cewa ta karɓa.

Ta yi niyyar ita za ta faɗa wa mata da bakinta ranar Lahadi. Amma mai motokin, babur ɗin dako da ya kwashe musu kaya, ɗan uwan wata ne a cikin matan, labari ya riga ta. Da ta iso ƙarƙashin dogon yaro hira ta tsaya cak. Aka matsa mata wuri a benci, wuri mai faɗi fiye da yadda take bukata.

Ta yi bayani. Ta faɗi maganar ƙafar Imoru da ƙarshen wata da ruwa. Ta ce akwai falo babba da ba a rufa ba, in an sa leda duk wadda aka kora za ta iya fakewa. Wata tsohuwa mai wanki, wadda gwiwarta ba ta koma daidai ba tun ranar daro, ta ce a hankali, "Mu muka share masa, ke kika shiga."

Bashiratu ba ta ɗago ba. Tana murza bakin mayafinta ta ce, "Mma, don Allah ki faɗa mana. Tun yaushe kuka san juna da Alhaji?"

Adiza ta ɗaga hannu za ta rantse, sai hannun ya tsaya. Ta ga yadda suke kallonta, ta gane kallon. Ita ce ta hana a jira. Ita ce ta ce a kawo tsintsiya. Ita ce ta ɗaga murya a gaban dattawa, ita ce kuma yau ke kwana a kan tudun. Da wata ce ta jera waɗannan, da Adiza ba ta bari ta gama rantsuwa ba, da ta ce mai gaskiya ba ya saurin kama sunan Allah. Ta sauke hannun a cinya. Abin ya yi mata ciwo fiye da duk korar da aka taɓa yi mata.

Lokacin susu ya yi. Kwanon da ake tarawa, tun kafa ƙungiya a gabanta ake ajiye shi, ita ke ɗaurewa ta tafi da shi. Ya zagayo hannu zuwa hannu har ya iso ga matar da ke kusa da ita. Adiza ta kwance bakin zane ta fito da nata, ta miƙa hannu. Matar ta ɗan yi jim, ta miƙe tsaye, ta zagaya ta bayan benci, ta ba Bashiratu.